Mu daina rubuta wa yara sakamakon gwajin da basu yi ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah Ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan bani fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni malamin kemistiri ne a makarantar sakandare, kuma maganar da zanyi ta shafe mu mu malamai kafin kowa, sannan shugabannin makarantu da iyayen yara da ma'aikatun ilimi na jihohinmu. Maganar awo ce, da yadda muke yaye yara daga SS1 har SS3 suna ta haddar kimiyya amma hannunsu bai taɓa auna komai ba.

Duk wanda ya san yadda firaktikal ɗin kemistiri yake a WAEC ko NECO ya san tambayar farko kusan kullum taitireshan ce. Za'a zuba asid a buret, wato dogon bututun gilashi mai zanen awo da ɗan famfo a ƙasa, yaro ya ɗebi mililita 25 na bes (kishiyar asid, irin su ruwan kanwa) da fifet, wato siririn bututun ɗibar ruwa, ya zuba a kwalba, ya ɗiga indiketa, wato sinadarin da yake canza launi, ɗigo biyu ko uku, sannan ya riƙa sakin asid ɗin a hankali da hannun hagu yana kaɗa kwalbar da hannun dama har launin ya juya daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro, a nan zai tsaya cak ya karanta inda ruwan ya sauka, ya rubuta, ya sake yi, ya kuma sake yi, ana so lambobin su zo kusa da juna kar su wuce bambancin mililita 0.20. Wannan shine abin da takarda ta ce. Abin da yake faruwa a makarantu da yawa kuwa, kuma ba zan kama sunan ko ɗaya ba, shine malami ya riga ya yi nasa gwajin tun da safe saboda dama sai an tura nasa sakamakon tare da takardun yara, ya samu misali 23.40, to kafin a ce me lambar ta zagaye ɗakin, wannan ya rubuta 23.50 da 23.40 da 23.40, na kusa dashi ya ɗan canza ya rubuta 23.30 don kar su zama iri ɗaya. Na ga yaron da ya cika teburin lissafinsa tsaf alhali buret ɗinsa ko jiƙewa bai yi ba. Ya fito da kiredit, iyaye suka yi murna, makaranta ta manna sakamako a allon sanarwa.

Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin satar jarrabawa irin wadda aka saba, ni kuwa wallahi ina ganin ta fi haka muni. Wanda ya saci amsar tarihi ya cuci kansa a darasi ɗaya. Amma yaron da aka koya masa cewa zaka iya rubuta lambar da baka gani ba, har ka ɗan ƙawata ta don tayi kama da gaskiya, an kashe masa abu ɗaya tak da darasin yake so ya dasa masa. Kuma wannan yaron gobe shine zai zauna a ɗakin gwajin jini a asibiti, ko ya auna sinadarin tsaftace ruwa a gidan ruwa, ko ya tsaya a bayan kanta yana ba da magani.

Kemistiri ai da sikeli aka haife shi. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 manyan masana a Turai sun yarda cewa duk abin da yake ƙonewa akwai wani abu a cikinsa da yake fita ya tafi, kuma a ido maganar tana da kama da gaskiya, ka sa itace mai nauyi a murhu ka kwashe toka 'yar kaɗan. Matsalar itace idan ka ƙona ƙarfe irin su kuza ko dalma abin da ya rage yafi nauyi maimakon ya ragu. Antoine Lavoisier a Faransa bai tsaya musu da baki ba, a wajajen 1774 ya sa kuza a cikin kwalbar gilashi ya liƙe bakinta ruf, ya auna nauyin duka, ya gasa ta har kuzar ta canza, ya sake aunawa ya ga nauyin yana nan yadda yake, da ya fasa bakin kwalbar sai iska ta ruga ciki, nauyi ya ƙaru, kuma ƙarin ya zo daidai da abin da kuzar ta ƙara. Wato wani sashe na iska ne ya shiga jikin ƙarfen, shine abin da muke kira oksijin yau. Daga nan aka samu ƙa'idar da muke sa yara su haddace cewa abu baya ɓacewa kuma baya fitowa daga babu, sauya kama kawai yake yi. Matarsa Marie-Anne ce take zama tana rubuta lambobin kowane gwaji a littafi tana zana kayan aikin, da ba'a rubuta ba da babu wanda zai iya bin sawu ya tabbatar. Yau duk wanda yake da ɗan zaren magniziyam da sikeli mai kyau zai iya nuna wa aji wannan abu cikin darasi ɗaya, giram 2.4 na magniziyam idan ya ƙone gaba ɗaya yana ba da giram 4.0 na farar toka, ƙarin giram 1.6 ɗin daga iska ya zo. Yaron da ya ga allurar sikeli ta hau bayan an ƙona abu bazai manta ba har ya tsufa.

Amma labarin da nafi so in ba ɗalibaina, kuma shine ya fi dacewa da wannan magana, na Lord Rayleigh ne a Ingila. Mutumin nan yana auna nauyin iskar naitirojin ne kawai, aiki mai gajiyarwa da babu wanda zai yi tsammanin wani abin mamaki a ciki. Ya samo naitirojin ta hanya biyu, ɗaya ya tace ta daga iskar da muke shaƙa bayan ya cire oksijin da sauran abin da aka sani, ɗayar kuma ya fitar da ita daga sinadarai irin su amoniya. Lita ɗaya ta wadda ta fito daga iska ta ba shi giram 1.2572, ta sinadarai kuma giram 1.2505. Malam Edita dubi bambancin fa, bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, wajen rabin haka ne. Da irin tarbiyyar da muke ba yaranmu ce da sai ya haɗa biyun ya raba, ko ya goge ɗaya ya ce hannunsa ne ya karkace, shikenan an wuce wurin. Shi kuwa ya sake, ya kuma sake, bambancin yaƙi tafiya, har ya rubuta wa mujallar masana a 1892 yana neman wanda zai taimaka masa da bayani. Shi da William Ramsay suka bi diddigin abin har a 1894 suka sanar cewa akwai wata iska a cikin iskar da kowa yake shaƙa wadda ba wanda ya san da ita, itace argon, kusan kashi 1 cikin 100 na iskar duniya, kuma a 1904 su biyun kowa ya karɓi kyautar Nobel. Duk wannan daga lamba ta uku da ta huɗu bayan ɗigo. To mu yanzu muna cewa yaro idan lambarka bata yi daidai da ta malam ba ka gyara ta.

Babin farko na littafin SS1 shine hanyar binciken kimiyya, kuma kowane yaro zai rera maka matakan kamar karatun allo: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako, yanke hukunci. Tambaye shi ya taɓa yin hasashe ɗaya da kansa ya gwada ya ga ya faɗi, sai yayi shiru. Alhali abin baya buƙatar komai. Ga ruwan rafi ko na kududdufi mai laka lokacin damina, ka tambayi aji me yake sa shi ya kwanta, wasu zasu ce alif, wasu zasu ce kakarsu da garin ƙwayar zogale take yi, wani zai ce ai ko ba'a sa komai ba zai kwanta da kansa. Madalla, ga hasashe uku. Kawo gorar ruwa uku iri ɗaya, ruwa daga bokiti ɗaya bayan an motsa shi sosai, a zuba daidai wa daida, ɗaya alif, ɗaya zogale, ta ukun kar a sa mata komai, a liƙa takarda mai rubutu a bayan kowace gora a riƙa dubawa duk bayan minti goma yaushe za'a iya karanta rubutun ta cikin ruwan. Gorar da ba'a sa wa komai ba itace zuciyar gwajin kuma ita ce yara suka fi rainawa, sai sun tambaya malam wannan ta mecece, a nan ne zaka nuna masu cewa in babu ita baka da bakin cewa alif ne yayi aikin, ƙila lokaci ne kawai. Sannan wani mai wayo zai ce malam ai alif ɗin da aka zuba yafi zogalen yawa, to alhamdu lillahi ya gano da kansa cewa abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, kuma dole a auna abin da aka zuba.

Ko tafasa ruwa. Littafi ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100. Sa ma'aunin zafi a tukunya a nan Kano zaka ga 98 da 'yan kai, a Jos kuwa da take kan tudu sama da mita 1,200 wajen 96 zaka samu. Abin da yara suke yi da farko shine su kalli ma'aunin su kalle ni su rubuta 100, saboda an riga an koya masu cewa littafi ne mai gaskiya idonsu ne maƙaryaci. Ni kuma nakan ce ku rubuta abin da kuka gani tukuna sannan mu yi rigima akan dalili. Ko ma'aunin ne yake da matsala, ko ruwan ne, ko kuma wani abu dabam. Yaya zamu gane? A sa ma'aunin a ruwan ƙanƙara a ga ko zai nuna sifili, a kawo wani ma'aunin a gwada, a canza ruwa. A ƙarshe sai su iso ga cewa digiri 100 ɗin a bakin teku ne, duk yadda ka hau sama nauyin iskar dake danne ruwan yana raguwa sai ya tafasa da wuri. Littafin bai yi ƙarya ba, sharaɗin da ya saka ne ba mu karanta ba, kuma yaron da ya rubuta 98 shine ya gano haka.

Kuma don Allah kar wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Hasan Ibn al-Haytham da aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya zo ya tarar da manyan magabata sun ce haske daga ido yake fita ya je ya taɓo abu, bai ce tunda manya sun faɗa shikenan ba, ya shiga ɗaki mai duhu da 'yar ƙofa da fitilu ya gwada ya nuna hasken daga abu yake zuwa ya shiga ido. Al-Biruni, wani masanin Musulmi na zamaninsa, ya zauna yana auna nauyin zinare da azurfa da duwatsu masu daraja da ruwan da suke turewa, lambobinsa sun zo kusa ƙwarai da na yau. Mu kuma da muke karanta Suratul Muɗaffifina tun muna yara mun san matsayin mai tauye mudu, ban ga dalilin da zai sa tauye mudu a kasuwa ya zama laifi ƙirƙirar lamba a ɗakin gwaji kuma ya zama taimakon yara ba.

Tunda na ambaci mudu bari in tsaya a kansa, don da shi nake fara koyar da awo kuma yafi duk wani zane da zan yi a allo. Mudu wuri yake aunawa, wato yawan abin da ya cika kwanon, sikeli kuma nauyi yake aunawa, abu biyu ne dabam kuma yara da yawa har SS3 suna cakuɗa su. Kawo kwano ɗaya ka cika shi da gero ka shafe bakin ka ɗora a sikeli, ka juye ka cika da gyaɗa mai ɓawo, ka juye ka cika da gishiri, kwano ɗaya nauyi uku. Daga nan sai ka raba nauyin da yawan wurin ka ce masu wannan shine densiti, basu buƙatar hadda kuma. Shi yasa mai sayen zinare yake iya gane na jabu, zinare tsantsa giram 19.3 ne a kowace mililita, jan ƙarfe bai kai 9 cikakke ba, ka auna nauyin zobe ka jefa shi a silinda, wato kwalbar awo mai zane a jiki, mai ruwa a ciki ka ga nawa ruwan ya hau, lissafi ya ƙare. Sannan kowa ya san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo ɗaya da ta waccan ba, wani a tsaye yake aunawa da tozo wani a shafe, wani gindin kwanon nasa a bubbuge yake, shi yasa masu sayen riɗi da zoɓo don fitarwa waje a Dawanau da kilo suke ciniki. Kilon kuma dalilin da yasa na Dawanau yake ɗaya da na Indiya shine ƙasashe sun zauna a Faris a 1875 sun ƙulla yarjejeniya, daga 1889 aka ajiye wani ɗan curin ƙarfe a kusa da Faris aka ce shine kilo, duk sikelin duniya a kansa yake komawa, har zuwa 20 ga Mayun 2019 da aka daina dogaro dashi aka ɗora kilo akan wata lamba ta halitta da bata canzawa, saboda an lura shi da kwafinsa sun fara saɓawa da ɗan abin da ido baya gani. Duniya tana damuwa da ƙurar da ta hau kan kilo mu kuma yaranmu suna rubuta 25 ba tare da sun ce 25 ɗin me ba, giram ko mililita ko digiri.

Akwai kuma cutar kalkuleta. Yaro ya auna abu da sikelin da iyakarsa lamba ɗaya bayan ɗigo, ya raba, kalkuleta ta zubo masa lambobi takwas, ya kwafe su duka yana jin ya burge. Sai ka zaunar dashi ka ce sikelinka giram 12.4 ya ce, bai san abin da yake bayan 4 ɗin nan ba, to kai daga ina ka sani? Amsarka bata isa ta fi kayan awonka sani ba. Haka karatun buret, ruwan yana lanƙwasa a sama kamar ƙaramin kwano, ƙasan lanƙwasar ake karantawa kuma sai ido ya zo daidai da ita, in ka leƙo daga sama ko daga ƙasa ka riga ka ɓata. Zanen kan buret 0.1 ne tsakanin layi da layi, lamba ta biyu kai ne zaka kintata tsakaninsu, kuma a nan ya kamata yaro ya fahimci cewa kowane awo a duniya yana da ɗan shakku a jelarsa, ba abin kunya bane, faɗinsa ake yi. Sannan samun lamba ɗaya sau uku baya nufin kayi daidai, sikelin da aka murɗa yana ƙara giram 200 zai baka amsa iri ɗaya sau ɗari kuma duk ƙarya ce, shi yasa ake fara gwada sikeli da abin da aka san nauyinsa, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ko wannan ya isa.

Wanda yake ganin duk wannan surutun malaman makaranta ne ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma da Bagega, zazzaɓi da amai da jijjiga, abin da kowa ya fara kawowa shine maleriya ko sanƙarau saboda alamomin sun yi kama, aka ba da magani yara basu daina mutuwa ba. Hasashen farko ya faɗi kenan. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta MSF suka lura ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, a tsakar gidan da yara suke rarrafe, suka ɗebi jini aka auna, sai ga gubar dalma. A lokacin idan dalma ta kai maikirogiram 10 a kowace desilita ta jinin yaro an shiga damuwa, idan ta kai 45 sai an ba da maganin da yake janye ta, to ƙaramar na'urar da ake zuwa da ita ƙauye iyakarta 65 kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da zata iya karantawa. Dalmar dake cikin ƙasar wasu gidajen da aka auna ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka take amfani dashi a lokacin ga filin wasan yara 400 ne. Yara sama da 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu Ya ba iyayensu haƙuri. Dalmar nan bata da wari, ba'a ganinta a ƙura, babu dattijon da zai kalli ƙasa ya gane ta, awo ne kawai ya tona ta, kuma awo ne ya nuna wane gida za'a kankare ƙasarsa wane yaro za'a fara ba magani. Yanzu a ce wanda yake riƙe da na'urar nan irin yaron da muka koya wa rubuta lambar da ake so a gani ne fa?

A watan Agustan 2014 lokacin Ebola saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka tashi 'ya'yansu da asuba, masu digiri ma sun yi, har aka samu rahoton waɗanda suka mutu da waɗanda aka kwantar a asibiti. Duk waɗanda suka yi sakandare a cikinsu sun haddace matakan nan shida na binciken kimiyya. Ba wanda ya tsaya ya ce wa ya gwada, akan mutum nawa, ina waɗanda basu sha ba don a kwatanta. Gishirin nan dai shine kuma yake ceton yaro mai gudawa idan an auna shi, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, in kuma an samu na leda da ake bayarwa a asibiti yafi, shima a yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar ake narka shi. Uwar da ta ninka gishirin don tana so yaron ya warke da wuri zata iya ƙara masa ciwo, kuma uwar nan ƙila ta zauna a ajin ɗayanmu shekara uku.

Na san amsar da za'a bani, babu kuɗi, babu kayan aiki, aji ɗaya yara sun fi ɗari, kuma duk gaskiya ne, ni ma a cikinsa nake. Akwai makarantun da ɗakin gwajinsu ya zama sito, kwalaben sinadarai takardun jikinsu sun goge ba wanda ya san me ke ciki, buret a kulle a kabad ba'a fito dasu sai sati biyu kafin jarrabawa don kar yara su fasa. Amma rabin abin da na lissafa a sama ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ƙaramin sikeli mai batir irin na masu sayar da zinare da na masu yin kek yana nan a kasuwa, sirinji sabo na mililita 10 ko 20 ba tare da allura ba yana auna ruwa da kyau, gorar ruwa a ko'ina take. Indiketa kuma ga zoɓo, a jiƙa shi a tace, ka ɗiga masa lemun tsami yayi ja wur, ka ɗiga ruwan kanwa ya koma duhu yana neman kore, matanmu sun san wannan tun kafin mu shiga makaranta, duk wadda ta taɓa sa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami tayi abin da muke rubutawa a allo da haruffa. Ka ba kowane rukuni na yara ruwan kanwa mililita 10 da ɗigon zoɓo, su riƙa ɗiga ruwan lemun tsami da sirinji suna ƙirga nawa ya shiga kafin launi ya juya, su maimaita sau uku, su fito allo kowa ya rubuta nasa. Lambobin zasu saɓa, kuma a nan darasin yake, me yasa na rukunin su wane ya fi na kowa, sai a gano ashe basu kaɗa ba, ko sun zuba da sauri sun wuce wurin. Wannan ba zai maye gurbin buret da asid na gaske ba, jarrabawa dasu ake yi kuma haƙƙin yaro ne ya riƙe su tun daga SS1, amma yaron da ya saba da sirinji da zoɓo ranar da ya riƙe buret hannunsa bazai yi rawa ba kuma bazai jira lambar malam ba.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai shine kowane yaro ya samu littafin gwaji dabam, da biro ake rubutu a ciki ba fensir ba, in anyi kuskure a ja layi ɗaya a kai a bar shi ana gani, kuma mu riƙa ba da maki ga wanda ya rubuta abin da ya samu ya kawo dalilin da yake zargi ko da lambar tasa ta kauce, fiye da wanda ya kawo lamba mai kyau da ba zai iya maimaita ta a gabanmu ba. Shugabannin makarantu, musamman masu zaman kansu da suke tallar kiredit tara, ku daina matsa wa malami ya saki lamba ranar jarrabawa, ku saki kuɗin sinadarai tun zangon farko, buret ɗin da ya fashe a hannun yaro yana koyo yayi aikin da aka saye shi dominsa. Masu duba makarantu daga ma'aikatar ilimi in kun zo kar ku tsaya a littafin tsara darasi da rajista, ku kira yaro ɗaya ɗan SS2 da ka, ku miƙa masa silinda da ruwa ku ce ya auno mililita 40. Iyaye kuma a taron PTA ku tambaya sau nawa 'ya'yanku suka shiga ɗakin gwaji a wannan zangon, kuɗin firaktikal da kuke biya kuna da haƙƙin sanin inda ya shiga.

Kai kuma Malam Edita ina roƙon ka tura wakilanka su zagaya makarantun gwamnati da na kuɗi a birni da ƙauye kafin lokacin WAEC mai zuwa, su nemi a buɗe masu ɗakin gwaji ba tare da an sanar da zuwansu ba, su ɗauko mana hoton abin da suka tarar, su kuma tambayi 'yan SS3 yaushe suka fara riƙe fifet.

Wassalam, na gode da wannan fili.

Naka,
Malamin kemistiri a sakandare, daga Kano